Bijimai Shida, Karan Shinkafa da Buhun Yuriya: Nazarin Wani Kiwon Turke Kusa da Dadin Kowa

Gidan da wannan nazari ya shafa yana wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Yamaltu-Deba ta jihar Gombe, ƙasa kaɗan da madatsar ruwa ta Dadin Kowa da aka gina a kan kogin Gongola a shekarun 1980. Albarkacin ruwan madatsar, mutanen wurin suna noman shinkafa damina da rani. Maigidan dattijo ne, manomi, kuma ya daɗe yana kiwon turke: bayan kaka sai ya sayi ramammun bijimai, ya ɗaure a bayan gida, ya ƙiwata su, ya sayar gab da Babbar Sallah. A shekarar da ake magana shida ya ɗaure, biyar farare irin Bunaji, ɗaya ja irin Rahaji. Uwargida, wadda kowa a gidan ke kira Inna, tana da nata ragunan a gefe, da kuɗinsu take haɗa wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki.

Kiwon ya ƙara wuya a 'yan shekarun nan. Babbar Sallah tana matsowa da kwana 10 zuwa 12 duk shekara: 28 ga Yuni a 2023, 16 ga Yuni a 2024, 6 ga Yuni a 2025. Ke nan duk watannin ƙiwatawa sun faɗa cikin rani da bazara, lokacin da babu ɗanyar ciyawa ko ta rantsuwa. Ga kuma tsada. Tun da aka janye tallafin man fetur aka saki naira a 2023, kuɗin dusa da harawa da na mota duk suka yi sama. Dattijon ya rage harawa, ya rage dusa, ya ƙara karan masara da na dawa, yana jiƙa musu kanwa a ruwan sha kamar yadda ya gada. Karan shinkafa kuwa, wanda ya fi komai yawa a gonarsa, bai ɗauke shi abincin kirki ba. Makiyaya su ɗan taɓa, saura a cinna masa wuta don a samu a gyara fili da wuri.

Duk wanda ya tsaya a bayan gidan zai ga abincin bai kai ba. Bijiman suna cika ciki da kara har ya yi tulele, amma haƙarƙari na nan ana ƙirgawa. Gashi ya tashi ya yi furu-furu. Kashinsu busasshe ne, baƙi, mai ƙulle-ƙulle, in ka sa sanda ka fasa sai ka ga guntayen kara yadda aka haɗiye su. Jan bijimin har igiyarsa yake tauna, in iska ta kawo leda kusa da turkensa kuwa, kafin yaro ya taso ya haɗiye. Mahauta sun san wannan sarai, su ke ciro dunƙulen leda da tsumma daga tumbi. Mutane kan ce kwaɗayi ne, alhali yawanci jiki ne ke neman gishirin da ya rasa, musamman fosforas, wanda busasshiyar ciyawar rani ke da ƙarancinsa.

Garin da Turawa ke zuba wa shanu

Ɗan farin maigidan ya yi karatun aikin gona, ya dawo gida yana jiran aiki, shi ne ya shigo da maganar muhalli cikin kiwon. Abin da ya karanta gaskiya ne, kuma sai an fahimce shi za a gane sauran labarin. Saniya ba ita ke narkar da ciyawa da kanta ba. A tumbinta akwai biliyoyin ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su ke tsima ciyawar, dabbar ta samu ƙarfi daga abin da suka fitar. Cikin wannan aiki iskar haidirojin tana taruwa, sai wani rukunin ƙwayoyin ya haɗa ta da kabon ya mayar da ita iskar metan, wadda dabbar ke fitarwa, mafi yawa ta hanyar gyatsa. Metan ba ta daɗewa a sararin sama, kimanin shekara 12 take yi, amma tana riƙe zafi ƙwarai. A lissafin shekara 100, kilo ɗaya nata ya kai kilo 28 na iskar kabon, a lissafin shekara 20 kuwa ya kai wajen 80. Hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta a 2013 cewa kiwo ne ke da kashi 14.5 cikin 100 na iskar da ɗan Adam ke jawowa mai ɗumama duniya. A taron yanayi na Gilasgo a 2021, Najeriya na cikin ƙasashen da suka shiga alkawarin haɗa hannu a rage metan a duniya da kashi 30 cikin 100 zuwa 2030.

Ga mai kiwo akwai wani lissafin da ya fi kusa da aljihu: metan abinci ne da aka saya ya bi iska. Daga kashi 2 zuwa 12 cikin 100 na ƙarfin abincin da saniya ta ci yakan tafi ta nan.

Abin da ya ja hankalin saurayin shi ne wani gari mai suna Bovaer, wanda kamfanin DSM na ƙasar Holan ya ƙirƙiro. Sinadarin da ke ciki, 3-NOP, yana toshe matakin ƙarshe da ƙwayoyin nan ke bi su haɗa metan. Kimanin rubu'in ƙaramin cokali a yini ya ishi saniya guda, kuma a shanun madara yana rage metan da wajen kashi 30 cikin 100. Burazil da Chile sun amince da shi a 2021, Tarayyar Turai a 2022, Amurka a 2024. Ya kuma karanta labarin wata jar ciyawar teku, Asparagopsis, da masu bincike a Ostareliya da Kalifoniya suka gwada a shanun nama da ke tsare, aka ga raguwar da ta kai kashi 80 har da ɗoriya.

Da daddare bayan isha'i ya sami mahaifinsa da maganar.

"Baba, akwai wani gari da Turawa ke zuba wa shanu a abinci, yana rage iskar da ke ƙara zafin duniya."

Dattijon, wanda ba ya kama sunan ɗan fari, ya ce, "Kai wannan, yana sa ƙiba?"

"A'a Baba, ba don ƙiba aka yi shi ba."

"To, wa zai biya ni kuɗinsa?"

A ganina babu tambayar da ta fi wannan dacewa a duk lamarin, kuma ba jahilci ne ya kawo ta ba. Ko a Turai ita ake yi. Denmak, da ta wajabta wa masu shanun madara fiye da 50 rage metan daga 2025, ta hanyar wannan gari ko ƙarin mai a abinci, sai da gwamnati ta ɗauki nauyin tallafa musu da kuɗin, don manomi ba ya ganin ribarsa a bokitin madara. Bayan haka akwai matsalar yadda garin yake aiki. Yana narkewa a tumbi cikin 'yan sa'o'i, don haka dole ya kasance cikin kowace loma, a abincin da inji ya cakuɗa daidai wa daida. An kuma lura ƙarfinsa yana raguwa in abincin busasshen kara ne zalla. Bijimin da ke tuƙar karan masara daga safe zuwa yamma ba shi aka nufa da wannan gari ba, balle garken da ke yawo a dajin Wawa-Zange. Saurayin ya zaga shagunan maganin dabbobi a cikin garin Gombe, bai samu wanda ya taɓa jin sunan ba. Ciyawar teku kuwa, nomanta da busar da ita da kawo ta daga bakin ruwa wani babban aiki ne, kuma sinadarin da ke cikinta yana tashi in ta daɗe a ajiye.

Yunwar da ke cikin tumbi

Malamin gona na yankin ne ya juya akalar maganar. Ya zo ya duba bijiman, ya fasa kashi da ƙafa, ya ce, "Alhaji, ba a nan gizo ke saƙa ba. Shanun nan cikinsu cike yake amma yunwa suke ji." Bayaninsa shi ne ginshiƙin duk abin da aka yi daga baya. Ƙwayoyin tumbi suna bukatar naitirojin kafin su hayayyafa su yi aiki, kuma in furotin ɗin abinci ya gaza kimanin kashi 7 cikin 100, aikinsu ya yi sanyi. Karan shinkafa da na masara ba su wuce kashi 3 zuwa 5 ba. Kamar mai gayya ne da ya tara jama'a a gona bai kai musu fura ba: suna nan cikin gonar, amma noma ba ya gaba. Sai kara ya daɗe a tumbi yana tsimuwa, dabba ta kasa cin ƙari, tana fitar da metan kullum ba tare da ta ƙara tsoka ba. Abin da ke ba ƙwayoyin nan naitirojin cikin sauƙi kuwa yana cikin ɗakin ajiyar Alhaji, wato takin yuriya, mai naitirojin kashi 46 cikin 100.

Hanya ta farko ita ce tsima kara a rami. Suka haƙa rami a gefen garke, suka shimfiɗa masa babbar leda. Ma'aunin da malamin ya ba su shi ne yuriya kilo 4 ga kara kilo 100, a narkar da ita sarai a ruwa, ruwan da bai gaza lita 50 ba. Sun auna dami guda a sikelin mai sayen shinkafa don su san nauyinsa, daga nan suka riƙa ƙirga damuna. A shimfiɗa kara, a yayyafa ruwan da garwar ban-ruwa, yara su hau su tattake, a sake shimfiɗa wani, har ramin ya cika. Aka naɗe leda, aka ɗora tampol, aka bi gefe da laka yadda iska ba za ta shiga ba. Bayan mako uku aka buɗe gefe guda. Karan ya sauya daga fari-fari zuwa ruwan ƙasa, ya yi laushi har ana naɗe shi a yatsa bai karye ba, warin amoniya, iskar da yuriya ke komawa in ta tsimu, kuma yana sa hawaye. Wannan amoniyar ce ke sassauta ƙarfin karan, ta kusan ninka furotin ɗinsa, ta sa ya narku. Ana ɗibar na gobe tun yau a baza a inuwa ya sha iska, a mayar da murfi. Kwana biyun farko bijiman shinshinawa kawai suke yi su kau da kai, sai da aka barbaɗa dusa da ɗan gishiri suka kama.

Buhun yuriya mai kilo 50 yana tsima kara kilo 1,250. In kowane bijimi yana cin kilo 5 a yini, wannan abincin bijimai shida ne na mako shida. Buhu ɗaya Alhaji ya yarda ya saki. Na biyun ya ce na shinkafar rani ne, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Hanya ta biyu ita ce bulon lasa, don ranakun da ake ba da karan masara da ba a tsima ba. Haɗinsa sananne ne: baƙin ruwan rake mai kauri da ake kira molasis kimanin kashi 35 zuwa 40, dusa wajen kashi ɗaya cikin uku, siminti kashi 10 don ya ƙame, yuriya kada ta wuce kashi 10, sai gishiri da garin fosforas irin na abincin kaji. Molasis ɗin wani direba ne ya taho musu da jarka biyu daga wajen Numan a Adamawa, inda kamfanin sukari yake. Suka kwaɓa, suka danna a tsofaffin robobin fenti, aka bar shi ya bushe fiye da mako. Molasis yana ba ƙwayoyin tumbi ƙarfi nan take da ɗan sinadarin farar wuta, siminti kuma yana hana dabba ta gatsa, sai dai ta lasa kaɗan-kaɗan. Malamin ya ja kunne a kan abu huɗu, kuma ya maimaita su: a fara da sa'a ɗaya a yini bayan dabba ta ci ta ƙoshi, kada a haɗa bulon da tsimammen kara a rana ɗaya, kada jaki ko doki ko ɗan maraƙi ya kusance shi, kada kuma ruwa ya taɓa shi.

Sauran ƙarin ba baƙi ba ne. Akwai abin da masu kiwo ke ce wa kek, wato ragowar gurya bayan an tatse mai. Gombe tsohuwar ƙasar auduga ce, har yau akwai unguwar BCGA da ta ci sunan kamfanin audugar Turawan mulki, don haka dattijon ya san guryar tun yana yaro. Ban da furotin, ɗan man da ya rage a cikinta yana rage metan, muddin mai bai wuce kashi 6 ko 7 cikin 100 na abincin ba, don in ya wuce yakan hana kara narkewa. Akwai 'ya'yan gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, waɗanda yara ke tsintowa. Saurayin ya so a ƙara garin bagaruwa da yawa, saboda ya karanta cewa sinadarin baurin da majema ke jima da shi yana danne ƙwayoyin da ke haɗa metan, yana kuma rage naitirojin da ke fita ta fitsari. Haka ne, amma in baurin ya haura kimanin kashi 5 cikin 100 dabba takan rage ci, furotin ya wuce bai amfane ta ba. Aka tsaya a kan ɗan barbaɗe, wanda gaskiya ba na jin ya sauya wani abu mai yawa. Kafin duk wannan an ɗura musu maganin tsutsar ciki da na hanta, abin da ya zama dole a yankin da ke da ruwa kwance.

Ragon Inna

Ramin ya ƙare da shigowar bazara, aka koma karan masara da bulon lasa. Bulon yana cikin wani kwami na rabin duro a fili, saboda wata da watanni ba a ga hadari ba. Ruwan farko ya sauko da dare. Da asuba duron ya tara ruwa, bulon ya jiƙe ya saki, ruwan ya yi baƙi yana ƙamshin rake. Bijiman suna ɗaure nesa da shi. Babban ragon Inna ne ya kwance ya je ya sha.

Ba a yi sa'a guda ba aka gan shi yana rawar jiki, yawu na dalala, ciki ya kumbura, yana tangaɗi yana numfashi sama-sama. Abin da ke faruwa a irin wannan hali shi ne yuriya mai yawa ta shiga tumbi lokaci guda, ta zama amoniya fiye da yadda ƙwayoyin za su iya amfani da ita, ta bi jini, hanta ta kasa tacewa. Taimakon gaggawa shi ne a ɗura ruwan khal da ruwan sanyi mai yawa, a kira likitan dabbobi. Babu khal a gidan, babu a shagon ƙauyen. Kafin a dawo daga gari, sai da aka sa masa wuƙa don kada ya yi mushe.

Inna ba ta yi hayaniya ba. Ta dai ce wa ɗanta, "Ni ban san zafin duniya ba, na san ragona." Ta hana a ƙara kawo bulon kusa da sashenta, kuma har yau harawa da gawo da dusa take ba nata. Wannan asara ba ƙaramar magana ba ce a nazarin, kuma ba na son a wuce ta da sauri. Ribar gwajin ta maigida ce, hasarar ta faɗa kan wadda ba a yi shawara da ita ba, ba a kuma gaya mata haɗarin ba. Malamin gona da Alhaji da ɗansa sun san sharaɗin ruwa. Matan gidan da yaran da ke kwance dabbobi da safe ba su sani ba. A ko'ina aka kai wannan dabara, masu shara da ban-ruwa da ba da dusa su ya kamata a fara zaunarwa a yi wa bayani, kuma kwalbar khal ta riga buhun yuriya shiga gida. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to ban da a kan yuriya. Ita sai da sikeli.

Alhaji ya biya ta kuɗin ragon bayan ya sayar da shanu, aka kuma kafa wa bulon rumfar kwano.

Abin da aka samu, da lissafin muhalli

Babu sikelin shanu a ƙauyen, sai tef ɗin tela da saurayin ke zagaya ƙirjin kowane bijimi da shi duk Juma'a yana rubutawa. Tun a mako na uku da fara cin tsimammen kara kashi ya yi laushi, guntayen kara suka ragu a ciki, gashi ya kwanta ya fara sheƙi, jan bijimin ya bar taunar igiya. A da sai an yi wata shida ana fama, wani ma Sallah ta zo bai cika ba. A wannan karon huɗu sun kai sayarwa cikin wata huɗu da 'yan kwanaki, dillali ya haɗa Alhaji da masu lodin tirela zuwa kudu, biyu ya riƙe wa masu layya. Ya ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu, ko da an cire kuɗin rago.

To muhalli fa? A nan dole a yi gaskiya, don masu tallata irin wannan dabara sukan zarce. Bijimin da tumbinsa ya farfaɗo yana cin abinci fiye da da, saboda haka metan ɗin da yake fitarwa a yini yana iya ƙaruwa. Ribar tana cikin gajartar kwanaki. A ƙaddara sa yana fitar da mudu ɗaya a yini tsawon wata shida, sai aka gyara masa abinci ya koma mudu ɗaya da ɗigo biyu amma ya gama a wata huɗu: shida ke nan a da, huɗu da ɗigo takwas yanzu, an rage kashi ɗaya cikin biyar a kan nama iri ɗaya. Wannan misali ne na lissafi, amma haka hanyar take. Ƙiyasin kwamitin masana yanayi na IPCC na 2006 ya ba kowane kai na shanun Afirka da ba na madara ba kilo 31 na metan a shekara, saniyar madara ta Arewacin Amurka kuwa fiye da kilo 100. Namu sun fi fitar da kaɗan a kan kowane kai. A kan kowane kilo na nama ko litar madara kuwa namu ne a sama, saboda sa yakan yi shekaru yana ƙiba da damina yana zubar da ita da rani. Duk abin da ya hana wannan ramar ta rani ya taɓa tushen matsalar a ƙasarmu fiye da kowane gari na kanti.

Akwai ribar karan kansa. Kilo 1,250 da da wuta za ta cinye, hayaƙi ya turnuƙe ƙauye, ya zama nama da taki. Ko ba a ƙona ba, karan da aka bari ya ruɓe ƙarƙashin ruwa a fadamar shinkafa shi ma metan yake fitarwa, don haka kwashe shi zuwa garke ya rage wani abu a can.

Sai kuma bashin da ke ɗaya gefen. Da iskar gas ake yin yuriya, kuma kaso mai yawa na naitirojin da aka zuba a rami yana tashi a matsayin amoniya da zarar an buɗe, warin nan da ke sa hawaye taki ne ke tafiya. Naitirojin da ya wuce bukatar dabba yana fita ta fitsari, a ƙasa mai damshi wani ɓangarensa ya zama wata iska da ta fi kabon riƙe zafi kusan sau 270. A da fitsarin bijiman nutsewa yake yi a gindin turke, kashi kuma a tara shi a rana ya ƙone. Yanzu ragowar karan da suka bari ake shimfiɗa musu ya tsotse fitsarin, a kwashe duk mako a tara a inuwa a rufe, a kai gonar masara gab da shuka. Wannan gyara bai ci ko sisi ba, kuma ina ganin ya kai ramin muhimmanci, domin ta nan ne yuriyar da aka ranta daga gona take komawa gona.

Wani abu kuma ya faru wanda duk mai lissafin yanayi ya kamata ya sa a ransa. Da kaka ta zagayo, Alhaji ya ɗauki ribar ya ɗaure bijimai tara. Kowane ɗaya ya fi na da sauƙi ga muhalli, amma jimillar iskar da ke tashi daga bayan gidan ta ƙaru. Ban ga abin zargi a nan ba. Mutanen Legas da Fatakwal za su ci nama ko daga ina ya fito, kuma gara ya fito daga turken da ke gamawa a wata huɗu da karan da za a ƙona, da ya fito daga dabbar da aka yi ta sassabe mata rassan itatuwa rani bayan rani, a jihar da zaizayar ƙasa ke cin unguwanni har gwamnati ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa na Gombe Goes Green a 2019.

Babu sabon ilimi a cikin ramin nan ko bulon. An daɗe ana yin su a Indiya da Bangaladash da Sin, kuma a wurare da dama manoma sun watsar da su da zarar masu shirin sun tafi, saboda wahalar aikin, da tsadar yuriya, da tsoron irin abin da ya sami ragon Inna. Yanzu Najeriya tana da ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya da aka kafa a 2024, ga shirin tallafa wa kiwo na L-PRES na dala miliyan 500 da Bankin Duniya ya amince da shi a 2022, wanda Gombe ke ciki, ga cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a Shika kusa da Zariya. Abin da gida irin wannan ke bukata daga gare su ƙanana ne: molasis a kasuwar Kumo ko Deba ko Bajoga ba sai an roƙi direba ba, bulo ingantacce da aka rubuta ma'auninsa da gargaɗinsa da Hausa da Fulatanci, da malamin gona da ke da man babur ɗin da zai zo ranar cika rami ya kuma dawo ranar buɗewa.

A bana ramuka biyu suka haƙa, kuma an tsara a cika na biyun mako uku kafin na farko ya ƙare, don kada a dogara da bulo a lokacin ruwan farko. Maƙwabta huɗu sun ce za su shiga a sayo duron molasis guda daga Numan a raba. Wanda zai fara ba da kuɗin mota ne ba a daidaita a kai ba tukuna, kuma ɗaya daga cikinsu ya ce sai ya ga farashin yuriya bayan girbi kafin ya ce wani abu.